Ilmi Da Zamani: Mudu Ɗaya Ga Kowane Ɗalibi

Duk wanda ya fita daga Minna ya kama hanyar Bida, kafin ya kai Gidan Kwano inda Jami'ar Fasaha ta Tarayya take da babban mazauninta, zai wuce hedkwatar Hukumar Shirya Jarrabawa ta Ƙasa, watau NECO. An kafa wannan hukuma a cikin watan Afrilu na shekarar 1999, zamanin mulkin Janar Abdulsalami Abubakar, ta kuwa shirya jarrabawarta ta farko ta kammala sakandare a shekarar 2000. A shekarun 2024 da 2025 yara sama da 1,300,000 ne suka zauna wannan jarrabawa kowace shekara. Ke nan abin da aka ƙulla a wannan gida na hanyar Bida yana taɓa kusan kowace unguwa a Nijeriya.

A cikin watan Afrilu na 2025 Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da umurni cewa NECO da takwararta WAEC su koma yin jarrabawa da kwamfuta, a fara da tambayoyin da ake zaɓen amsa ɗaya daga cikin huɗu ko biyar, sa'an nan sauran su biyo baya a 2026. Nan da nan muhawara ta tashi. Wasu suka ce ina wutar lantarki, wasu suka ce ina kwamfutocin, wasu kuma suka tuna da yaran karkara waɗanda ba su taɓa ɗora yatsa a kan na'ura ba. A watan Nuwamba na shekarar Majalisar Wakilai ta nemi a jinkirta shirin. Duk waɗannan maganganu suna bisa hanya. Amma akwai wani ɗan ƙaramin abu wanda ba a cika ambatonsa ba, alhali kuwa shi ne ya riga ya jawo wa dubban ɗalibai hawaye a ƙasar nan. Wannan abu shi ne fayil ɗin saiti.

Mene Ne Fayil Ɗin Saiti?

Mai karatu ya san injin niƙa. Inji ɗaya ne, amma in mai shi ya ɗaure shi tamau sai ya fitar da gari mai laushi, in ya sassauta sai ya fitar da tsaki. Injin bai sake ba, saitin ne ya sake. To, haka manhajar kwamfuta take. Duk lokacin da aka kunna ta, sai ta fara karanta wata 'yar takarda da ke ajiye a cikin na'urar, wadda ta ƙunshi umurni layi-layi, kana ta yi aiki bisa abin da ta gani a ciki. Wannan 'yar takarda ita ce fayil ɗin saiti.

A wurin jarrabawa, fayil ɗin shi ke gaya wa kwamfuta minti nawa za a ba ɗalibi. Shi ke gaya mata adireshin babbar kwamfutar cibiya, wadda ake kira uwar garke, inda za ta karɓo tambayoyi ta kuma mayar da amsoshi. Shi ke cewa a jujjuya jerin amsoshi don kada maƙwabci ya leƙa na maƙwabcinsa, ko kuwa a bar su yadda suke. Shi ke faɗin bayan daƙiƙa nawa za a riƙa adana abin da yaro ya amsa, domin in wuta ta ɗauke kada aikinsa ya bi ruwa. Sau da yawa fayil ɗin duka bai fi shafi ɗaya ba. Amma in lamba ɗaya ta sauya a ciki, jarrabawar ta sauya.

A zamanin takarda, injin ɗab'i shi ke tabbatar da adalci. Da zarar an gama tantance tambayoyi an ɗora su a kan faranti, kwafi na farko da kwafi na miliyan duk iri ɗaya za su fito. A ɗaure su cikin ambulan, a buga hatimi, a kai Bida da Kontagora da Suleja, a kai Yola da Fatakwal. Abin tsoro shi ne a buɗe ambulan kafin lokaci, amma ba wanda ke fargabar cewa takardar Kontagora za ta bambanta da ta Bida. Da kwamfuta kuwa al'amarin ya juya. Kowace na'ura ta zama injin ɗab'i mai zaman kanta, tana buga wa ɗalibinta jarrabawa bisa saitin da ke cikinta.

Ga misalin yawan abin. Hukumar JAMB, wadda ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013 ta kuma koma mata ɗungurungum a 2015, tana neman kowace cibiya ta kasance da kwamfuta 250 a ƙalla. A 2025 ta yi amfani da cibiyoyi sama da 800. In aka buga lissafi, na'urori sun haura 200,000 ke nan, kuma dole ne duka su yi magana da baki ɗaya a rana ɗaya.

Yadda Bambanci Ke Saɗaɗowa

Ba mugunta ce ke fara kawo bambanci ba. Yawanci son gyara ne. A ɗauka cibiyoyi goma aka kafa a Jihar Neja a rana ɗaya, da saiti iri ɗaya. Bayan wata guda, wata kwamfuta ta ƙi haɗuwa da uwar garke a cibiya ta uku. Ma'aikacin wurin, mutum mai himma, ya buɗe fayil ya sake layi biyu, na'ura ta tashi, kowa ya yaba masa. Bai rubuta abin da ya yi a ko'ina ba, don a ganinsa ƙaramin abu ne. A cibiya ta biyar ranar da aka aiko da sabon gyara babu wuta, man janareto kuma ya ƙare, saƙon ya wuce na'urorin suna kashe. A cibiya ta bakwai ɗan batirin da ke riƙe agogon wata kwamfuta ya mutu, ta koma wata tsohuwar shekara, uwar garke ta ƙi amincewa da ita, sai aka kashe binciken agogon baki ɗaya don a samu a yi aiki. A ta tara kuwa an sayo sababbin na'urori ashirin, aka kwafo musu saiti daga wani tsohon filashi da ke aljihun wani.

Kafin shekara ta zagayo, cibiyoyi goma sun zama iri goma, alhali a littafin ofis an rubuta cewa duka iri ɗaya ne. Ranar da ma'aikacin cibiya ta uku ya sami canjin wurin aiki, ilmin abin da ke cikin na'urorinsa ya tafi tare da shi. Ba kuwa za a gane ɓarakar ba sai ranar jarrabawa, ko ma bayan sakamako ya fito.

Abin Da Ya Faru A 2025

Wannan ba tatsuniya ba ce. A watan Mayu na 2025 JAMB ta fitar da sakamakon jarrabawar shiga manyan makarantu, aka ga ɗalibai sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 daga cikin 400 ba. Iyaye da malamai suka yi ca, musamman a Legas da jihohin kudu maso gabas, inda yaran da aka sani da ƙoƙari suka fito da makin da bai yi kama da su ba. Ran 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya tara 'yan jarida a Bwari, ya amsa laifi, har ya zub da hawaye. Bayanin da ya yi shi ne, an gano wata matsala game da jujjuya jerin amsoshi, aka yi wa manhaja faci, amma ma'aikatan da aka ɗora wa aikin ba su sa facin a wasu daga cikin uwayen garke ba. Cibiyoyi 157 abin ya shafa, 65 a Legas, 92 a shiyyar Owerri. Ɗalibai 379,997 aka sake kira su zauna jarrabawa daga ran 16 ga wata.

Wata uku bayan haka sai ga na WAEC. Ran 4 ga Agusta ta sanar cewa kashi 38.32 cikin 100 ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Kwana huɗu kacal sai ta dawo ta ce kashi 62.96 ne. Shugaban ofishinta na Nijeriya, Dokta Amos Dangut, ya bayyana cewa an yi amfani da fayil ɗin da ba shi ba ne wajen buga takardar Turanci ta zaɓen amsa, saboda haka aka yi makin da jerin amsoshin da bai dace da ita ba. Wannan jarrabawa ma a takarda akasarin yara suka yi ta, amma fayil ɗaya ya kusa mai da kashi ɗaya bisa huɗu na ɗaliban shekara guda faɗaɗɗu.

Kada kuwa wani ya ce ai wannan halin Nijeriya ne. Ran 1 ga Agusta 2012 wani kamfanin cinikin hannun jari a Amurka, mai suna Knight Capital, ya sa sabuwar manhaja a uwayen garkensa guda takwas. Ma'aikacin ya sa a bakwai, ya tsallake ɗaya, babu kuma na biyun da ya bi sawunsa ya duba. Da kasuwa ta buɗe, ta takwas ɗin ta kama saye da sayarwa bisa tsohon umurni. Cikin minti 45 kamfanin ya yi hasarar wajen dala miliyan 440. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Maganin Da Masana Suka Samo

Tun a shekarar 1993 wani masanin kimiyya ɗan Ingila, Mark Burgess, wanda ke aiki a Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway, ya gaji da bin kwamfutocin sashensa ɗaya bayan ɗaya yana gyara. Sai ya ƙirƙiro wata manhaja mai suna CFEngine. Hikimarta ita ce, maimakon mutum ya riƙa zagayawa yana ba kowace na'ura umurni, sai ya rubuta a wuri ɗaya yadda ya kamata kowace na'ura ta kasance. Wani ɗan wakili da ke zaune cikin kowace kwamfuta sai ya riƙa duba wannan asali lokaci-lokaci, ya gwada shi da abin da ke gabansa, in ya ga bambanci ya daidaita, ya kuma kai rahoto. Bayansa aka sami Puppet a 2005, da Chef a 2009, da Ansible a 2012, duka a kan wannan turba. A 2005 kuma Linus Torvalds ya fito da Git, wanda ke aikin magatakarda: duk layin da aka sake a fayil sai ya rubuta wanda ya sake, da ranar, da dalili, ya kuma ajiye tsohon don a iya komawa gare shi. Dukkan waɗannan akwai su kyauta ga mai so.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga ƙasar Hausa. Malaman da suka riƙa kwafar littattafai da hannu a Kano da Katsina da Sakkwato sun san cewa in aka kwafa daga kwafi, aka sake kwafa daga wannan, kuskure yana haihuwar kuskure. Shi ya sa suke neman ingantaccen asali, in an gama rubutu kuma a zauna mutum biyu, ɗaya yana karanta asalin, ɗaya yana bin kwafin da ido, duk inda aka ga saɓani a gyara a gefe. Abin da Burgess ya yi shi ne ya koya wa na'ura wannan zama na mutum biyu, ta riƙa yin sa dare da rana ba gajiya.

Asali Ɗaya Ma Yana Da Nasa Haɗari

To, amma fa a yi hattara, kada garin neman gira a rasa ido. In kowace na'ura tana biyayya ga asali ɗaya, ranar da kuskure ya shiga asalin zai isa ko'ina a lokaci guda. Ran 19 ga Yuli 2024 kamfanin CrowdStrike, mai sayar da manhajar tsaron kwamfuta, ya aika wa abokan cinikinsa na duniya wani ɗan fayil ɗin saiti, duka a tashi ɗaya. Manhajar ta nemi bayanai 21 aka ba ta 20, sai na'urori suka riƙa faɗuwa. Kamfanin ya janye fayil ɗin bayan minti 78, amma aikin gama ya gama. Microsoft ta ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 ne suka tsaya. Jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci suka ɗage aiki, bankuna suka tsaya cik. Da yake na'urorin ba sa iya tashi balle su karɓi gyara daga nesa, sai da ma'aikata suka bi yawancinsu ɗaya-ɗaya da hannu. Daga baya kamfanin ya yi alkawarin zai riƙa sakin irin wannan fayil kashi-kashi.

Darasi biyu ke nan masu kama da kishiyoyin juna. Na JAMB da Knight Capital ya nuna illar gyaran da bai kai ko'ina ba. Na CrowdStrike ya nuna illar kuskuren da ya kai ko'ina. Mai hankali sai ya riƙe su duka biyu.

Abin Da Ya Kamata A Ƙulla A Minna

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. NECO ta ga abin da ya sami 'yan'uwanta biyu cikin shekara ɗaya, ta kuma sami damar da su ba su samu ba, watau ta koya daga kuskuren wani. Ga abubuwan da ya kamata su zama doka a rubuce kafin a ɗora makomar yara miliyan a kan na'ura.

Na farko, asalin saiti ya zama ɗaya tak, yana ajiye a hedkwata, tare da cikakken tarihin duk canjin da aka yi masa. Kada canji ya shiga sai mutum biyu sun sa hannu, wanda ya rubuta da wanda ya duba. Kamfanonin da aka ba kwangila su ma wannan doka ta hau kansu, domin in abu ya lalace sunan hukuma ne zai ɓaci, ba nasu ba.

Na biyu, a raba abin da ya zama na kowa da abin da ya keɓanta ga cibiya. Tsawon lokaci da tsarin jujjuya amsoshi da hanyar maki na kowa ne, ba wanda ke da ikon taɓa su a cibiya. Sunan cibiya da lambarta da adireshin uwar garkenta su ne ke bambanta, sai a ware musu ɗan gurbi. Kalmomin sirri kuwa kada a rubuta su cikin fayil ɗin da ke yawo hannu-hannu.

Na uku, kowane sabon gyara ya fita mataki-mataki. A fara da ɗakin gwaji a Minna, sa'an nan cibiya ɗaya ko biyu, sa'an nan jiha guda, kana ƙasa baki ɗaya. Cikin cibiyoyin gwajin a sa na nesa, irin na Agwara ko Rijau, ba na cikin birni kaɗai ba. A kuma tanadi hanyar komawa tsohon saiti cikin gaggawa in sabon ya ƙi.

Na huɗu, kuma shi ne mafi muhimmanci, aikawa daban, isa daban. Akwai lissafin da ke fitar wa kowane fayil wata lambar shaida, tamkar zanen yatsa, wadda in aka sake ko harafi ɗaya a ciki sai ta sauya. A tsara manhaja yadda ba za ta buɗe jarrabawa ba sai lambar shaidar cibiya ta yi daidai da ta Minna. Inda intanet ba ta da ƙarfi, mai kula da cibiya yana iya karanta lambar ta waya ko ya aika da ita ta gajeren saƙo. Irin wannan bincike an yi shi ne domin cibiyar da gyara ya tsallake ta tona kanta tun kafin yaro na farko ya zauna.

Na biyar, ba a fafe gora ranar tafiya. A sa ranar rufe ƙofa, wadda daga ita ba sauran canji sai na larura, shi ma da izinin shugaban hukuma a rubuce. Na shida, a buɗe wa ma'aikatan cibiyoyi hanya mai sauƙi ta kai rahoton gyaran da suka yi, ba tare da tsoron horo ba. Ma'aikacin da ke tsoron takardar tuhuma ɓoye gyaransa zai yi, ɓoyayyen gyara kuwa shi ne tushen ɓarna.

Masu yin wannan aiki ba sai an je ƙetare neman su ba. Jami'ar Fasaha ta Minna, wadda aka kafa a 1983, maƙwabciyar NECO ce a kan hanya ɗaya, kuma tana yaye ɗalibai a fannin kwamfuta kowace shekara. Kamata ya yi hukumomin biyu su haɗa kai a horar da matasa wannan fanni na kula da na'urori masu yawa daga asali ɗaya, domin bankuna da asibitoci da Hukumar Zaɓe, wadda ke da rumfuna sama da 176,000, duk suna bukatar masu irin wannan hannu.

A kasuwar hatsi, in aka kama mutum da mudu biyu, babba na saye ƙarami na sayarwa, Sarkin Kasuwa ba ya tsayawa jin uzuri. Jarrabawa ma awo ce. Yarinyar da ta yi shekara shida tana tafiya makaranta a Mokwa, da yaron da ubansa ya sayar da buhun doya ko na masara ya biya masa kuɗin rajista a Paiko, ba su san ana wani abu wai shi fayil ɗin saiti ba, ba kuma dole ne su sani ba. Hakkinsu ne dai a auna su da mudun da aka auna ɗan Abuja da ɗan Legas. Kwamfuta 200,000 mudu 200,000 ne, kuma wanda aka damƙa wa amanarsu shi za a tambaya in ɗaya ya fi ɗaya zurfi. Allah Ya ba shugabannin ilmi ikon riƙe wannan amana, Ya kuma ba yara sa'a, amin.